Ƙugun Sarauniya da Fuskar Sarki: 'Yancin Mai Fim Ko Almakashin Mai Tacewa?

A ƙarshen Janairun 2017 Sanjay Leela Bhansali yana tsakiyar ɗaukar fim a tsohuwar fadar Jaigarh da ke Jaipur, babban birnin jihar Rajasthan, sai ga gungun samari sun afko. Suka farfasa kayan aiki, suka ja gashin daraktan, suka mammare shi. 'Yan ƙungiyar Karni Sena ne, masu cewa su ne garkuwar martabar Rajputawa, jinsin sarakuna da mayaƙan wannan sashe na Indiya. Jita-jita ce ta kawo su, wai a cikin fim ɗin akwai wani mafarki inda Sarkin Delhi Alauddin Khilji yake soyayya da Sarauniya Padmavati. Lokacin ba a gama ɗaukar fim ɗin ba, balle a ce wani ya gani. Bhansali ya yi ta rantsuwa babu wannan mafarki, ba a saurare shi ba. Ya kwashe komatsansa ya koma yankin Kolhapur a jihar Maharashtra, a watan Maris aka bi dare aka cinna wa wurin wuta. Da fim ɗin ya fito bayan shekara guda, aka kalla tun daga farko har ƙarshe, ba a ga mafarki ba. Deepika Padukone da Ranveer Singh, waɗanda suka fito a matsayin sarauniyar da sarkin, ko gaisawa ba su yi ba a cikinsa.

Bahaushe ba baƙon fim ɗin Indiya ba ne, tun zamanin sinimomin Kano da Kaduna da Jos har zuwa yau da ake fassara su da Hausa ana turawa a waya. Hukumar tace fina-finai ma ba baƙuwarsa ba ce. Shi ya sa rigimar wannan fim, Padmaavat, take da daɗin aunawa a wurinmu, don ba kakanninmu ake magana a kansu ba, amma mun san muryar kowane ɓangare. Wasu suna cewa mai fim mai hikima ne, tarihi kuwa ba mallakin kowa ba ne, a bar shi ya faɗi abin da ya hango. Wasu suna cewa akwai abin da ya fi ƙarfin wasa, mutuncin magabata da tarbiyyar 'ya'ya ba hajar kasuwa ba ce, dole a sami mai tsawatarwa. Kowanne yana da gaskiyarsa, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma sai an bi abin da ya faru daki-daki ake ganin inda ma'auni ya rinjaya.

A fara da tambayar da masu zanga-zanga ba su so ji ba: wane tarihi aka gurɓata? Abin da ya tabbata shi ne a 1303 Alauddin Khilji ya yi wa birnin Chittor ƙawanya wata da watanni har ya ƙwace shi daga hannun sarkinsa Ratan Singh. Mawaƙin fadarsa Amir Khusrau yana cikin rundunar, ya rubuta labarin yaƙin, har ya ce an kashe mutum 30,000 bayan an ci garin. Bai ambaci wata Padmavati ba. Bai kuma ce matan Chittor sun faɗa wuta ba, alhali shi ne ya ba da labarin irin wannan ƙonewa a Ranthambore shekara biyu kafin nan. Sunan sarauniyar bai bayyana ba sai 1540, bayan shekara 237, a doguwar waƙar da wani Basufi Musulmi, Malik Muhammad Jayasi, ya tsara da harshen Awadhi. A waƙar gimbiya ce daga tsibirin Sinhala, akwai aku mai magana da ya kai wa Ratan labarin kyanta, akwai wani malamin fada da aka kora ya tafi Delhi ya zuga Alauddin. Kuma a wurin Jayasi ba Alauddin ne ya kashe Ratan ba, wani sarkin Rajputawa ne irinsa, Devpal, wanda shi ma ya yi kwaɗayin matar. Daga nan labarin ya yi ta sauya riga. Mawaƙan Rajasthan suka mai da shi labarin jarumta, Baturen mulkin mallaka James Tod ya shigar da shi littafinsa na tarihin Rajasthan a 1829, marubutan Bengal na zamanin neman 'yanci suka mai da sarauniyar tutar kishin ƙasa.

Wato matar da ake wannan tashin hankali dominta, mai hikima ne ya fara kawo ta duniya. Da akwai hukumar da ke hana taɓa tarihi a 1540, da babu ita. Hujja ce mai ƙarfi ga masu kiran 'yanci, amma ba ta kashe magana ba, don mutane ba da takardun tarihi kaɗai suke rayuwa ba. Mu nan wa ya taɓa ganin takardar da aka rubuta a zamanin Bayajidda? Duk da haka je ka Daura ka yi fim ɗin da ya mai da Daurama abin dariya, ka ce ai masana sun ce tatsuniya ce, ka gani ko za a ba ka ruwan Kusugu ka sha. Matar Rajput da ta tashi tana jin sunan Padmavati a bakin kakarta, ana zuwa da ita bikin tunawa da ake yi kowace shekara a Chittor, ba ƙarya take ba in ta ce abin ya sosa mata rai. Zafin da take ji na gaske ne, ko da sarauniyar ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Masu goyon bayan tacewa suna da hujjojin da suka wuce ɓacin rai. Fim ba littafi ba ne. Littafin tarihi mutum nawa za su karanta? Wanda ya karanta kuma ya san akwai wani littafin da ya saɓa masa. Fim kuwa miliyoyi ne ke kallo, da mai ilimi da wanda bai taɓa shiga aji ba, ga kiɗa, ga launi, ga fuskar jarumin da ake ƙauna. Yaron da ya kalli Padmaavat, duk ranar da aka ce Alauddin Khilji fuskar Ranveer Singh zai gani har ya tsufa. Matattu kuma ba sa kai ƙara. Kotun Ƙolin Indiya da kanta ta yarda da wannan tun 1970, a shari'ar da marubuci kuma darakta K.A. Abbas ya shigar yana neman a soke tace fim kafin fitarsa. Alƙalai suka ce hoto mai motsi ya fi sauran fasahohi ratsa zuciya, don haka ya halatta a bi da shi daban. Tsarin mulkin ƙasar ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 19, a nan take kuma ya yi masa iyaka da kunya da tarbiyya da zaman lafiyar jama'a. A ƙasar da aka raba a 1947 cikin jini, inda labarin sarki Musulmi da sarauniya 'yar Hindu zai iya ta da unguwa guda, mai cewa a duba kafin a saki ba mahaukaci ba ne.

Akwai kuma abin da masu kirarin 'yanci kan manta, cewa iyaka ba kullum take kashe hikima ba. Darakta Moustapha Akkad, da zai yi The Message, fim ɗin 1976 da Hausawa da yawa suka kalla har suka haddace, ya kai labarin gaban malaman Azhar, ya amince ba zai nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba zai sa a ji muryarsa ba. Wannan ƙa'ida ce ta haifar masa da dabarar da ta zama ƙarfin fim ɗin, inda 'yan wasa suke fuskantar kyamara suna magana, mai kallo ya cike sauran da zuciyarsa. Sai dai Akkad Musulmi ne, iyakar da ya tsaya a kanta ya yarda da ita tun a ransa, ba ɗora masa aka yi ba. Sannan duk taka-tsantsan ɗin bai tsare shi daga jita-jita ba. Aka yaɗa cewa Anthony Quinn ne ya fito a matsayin Annabi, alhali a Sayyidina Hamza ya fito, kuma a Maris 1977 wasu 'yan bindiga suka yi garkuwa da mutum fiye da 100 a Washington, cikin buƙatunsu har da a dakatar da fim ɗin.

To, a koma Indiya a ga yadda tacewar ta kasance a aikace, domin a nan ne hujjar da take da kyau a takarda ta fara ɗingishi. Karni Sena ba ranar ta fara ba, tun 2008 ta hana a nuna fim ɗin Jodhaa Akbar a Rajasthan, ta kuma san abin yana ci. An sa 1 ga Disamba 2017 ranar fitar da fim ɗin Bhansali. Kafin ranar, wani jigon ƙungiyar ya yi barazanar yanke wa Deepika hanci. Wani jami'in jam'iyyar BJP a jihar Haryana, Suraj Pal Amu, ya yi tayin rupi miliyan 100 ga duk wanda ya sare kanta da na Bhansali. A Chittor an riga an farfasa madubban da ake nuna wa baƙi ana cewa a cikinsu Alauddin ya hangi sarauniyar. Manyan ministocin jihohi suka shiga gasar wa ya fi kishi, na Madhya Pradesh har ya kira Padmavati uwar ƙasa. Zaɓen Gujarat yana cikin watan Disambar, na Rajasthan da Madhya Pradesh yana tafe a shekarar da ke biye, ƙuri'un Rajputawa kuwa ba na wasa ba ne. Aka ɗage fim.

Hukumar tacewa ta ƙasa, ƙarƙashin Prasoon Joshi, ta gayyato masana tarihi biyu da wani ɗan gidan sarautar Rajputawa na Mewar su kalla tare da ita. A ƙarshen Disamba ta ba da izini bisa sharuɗɗa biyar. A sauya suna daga Padmavati zuwa Padmaavat, don a san waƙar Jayasi ake nufi. A rubuta a farko cewa fim ɗin bai yi da'awar sahihancin tarihi ba. A rubuta kuma cewa ba ya goyon bayan al'adar mace ta ƙone kanta. A gyara yadda aka ambaci wasu wurare. Sai wanda ya fi kowanne tona asirin abin: a gyara rawar Ghoomar da sarauniyar ta yi a fim ɗin. Ƙorafin shi ne sarauniyar Rajputawa ba za ta yi rawa ƙugunta a buɗe ba. Aka zauna da kwamfuta ana bin hoton ɗaya bayan ɗaya ana lulluɓe cikin Deepika da tufa.

Iyakar abin da hukuma ta ga ya cancanci gyara ke nan. Yanzu a duba abin da ta bari.

Alauddin na Bhansali dodo ne. Yana yagar nama da haƙora, gashi buzu-buzu, ido ya sha kwalli, fuska da tabo, fadarsa kullum cikin duhu. Ranar aurensa ma yana can da wata mace. In kyamara ta juya Chittor kuwa sai haske da fararen kaya da maganar amana. Ba wanda zai wanke Alauddin na gaskiya. Ya kashe baffansa kuma surukinsa Jalaluddin a 1296 ya haye gadon mulki, jinin Chittor kuma yana wuyansa. Amma shi ne sarkin da ya yi ta korar rundunonin Mongol daga ƙofar Delhi, ya ƙayyade farashin hatsi da tufa da dawaki a kasuwannin birnin, ya gina Alai Darwaza da har yau take tsaye, fadarsa kuma mai bin ladubban Farisa ce, inda irin su Amir Khusrau suke zama. Mugun sarki ne mai wayo da tsari, irin wanda tarihin kowace ƙasa ya sani. Fim ɗin ya cire wayon da tsarin, ya bar haɗama da sha'awa, ya naɗe su da tuta mai jinjirin wata. A Indiyar yau, inda Musulmi suke wajen kashi 14 cikin 100, ake kuma yawan jifansu da cewa jikokin mahara ne masu farautar 'yan matan Hindu, wannan hoto ya wuce ado. In da gaske zaman lafiya hukumar take karewa, a nan ya kamata gabanta ya faɗi. Ba ta ce uffan ba.

Sai ƙarshen fim ɗin. Maza sun ƙare a fagen fama, Padmavati ta tara matan birni ta yi musu jawabi, suka sa jajayen kaya suka nufi wuta, cikinsu har da mai tsohon ciki da ƙaramar yarinya. Shi ake kira jauhar. Bhansali gwani ne, kuma a nan ya zuba duk gwanintarsa, kiɗa na tashi, jan launi na malala, komai a hankali, har mai kallo ya ji kamar nasara ake yi. 'Yar fim Swara Bhasker ta rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa bayan ta kalla, tana tuna masa cewa mace tana da haƙƙin rayuwa ko mijinta ya mutu, ko an keta mata haddi. Ba tsohon zance take tonowa ba. A Satumban 1987, a ƙauyen Deorala na wannan jiha ta Rajasthan, an ƙone Roop Kanwar, 'yar shekara 18, tare da gawar mijinta, dubban mutane suka yi ta tururuwa wurin neman tabarraki, har sai da gwamnati ta yi dokar da ta haramta ko da kambama al'adar. Ana cikin rigimar fim ɗin ma, ɗaruruwan matan Rajput a Chittor sun yi shelar za su faɗa wuta in aka sake shi. Maganin da hukumar ta ga ya isa ga wannan duka shi ne ɗan rubutu a farkon fim, wanda yake wucewa mutane suna neman kujera.

An bar jaki ana dukan taiki, kuma ba don 'yan hukumar ba su da hankali ba. Fata ana ganinta. Mai tacewa zai iya tsayar da hoto ya nuna da yatsa, ya ce ga cibiya, ga sumba, ga ashar a minti kaza. Ƙiyayyar da aka saƙa cikin labari gaba ɗaya, ko mutuwar da aka yi wa kwalliya, ba su da minti. Sai an yi muhawara ake kama su, muhawara kuwa ba aikin almakashi ba ce. Ɗayan dalilin ya fi muni: hukuma tana jin kukan wanda zai iya tare hanya. Karni Sena tana da samari da fetur da 'yan siyasa masu neman ƙuri'unta. Musulmin da fuskar Alauddin ta ɓata wa rai ba shi da su, matar da wutar ƙarshe ta firgita ma haka. An kira gidan sarautar Mewar an ji ta bakinsu, ba a kira kowa ya yi magana da yawun Delhin Khilji ba. Girman mai kuka aka auna, aka bar girman cutarwa.

Mai karatu Musulmi zai iya cewa to ai Malesiya ta yi daidai, tunda hukumar tacewarta ta hana fim ɗin shiga ƙasar a Janairun 2018 saboda yadda ya nuna sarki Musulmi. Na san daɗin da wannan yake yi wa zuciya. Amma laifi tudu ne. Almakashin ɗaya ne, hannu ne ya sauya. A Jaipur masu rinjaye sun kare sarauniyarsu, a Kuala Lumpur masu rinjaye sun kare sarkinsu, kowa ya kawar da kai daga abin da bai shafe shi ba. Wanda ya tafa wa hukuncin Malesiya ya ba Karni Sena hujja, don ita ma abin da take nema ke nan, a bar mai yawa ya yanke wa kowa abin da zai gani. Musulmin Indiya kuwa, wanda shi ne zai kwana ya tashi da sakamakon fim ɗin, ba abin da haramcin Malesiya ya tsinana masa.

Kada a ɗauka wannan ya wanke Bhansali. Masu fim ɗin tarihi suna son cin tudu biyu. Ranar talla tarihi suke sayarwa, da sunayen sarakuna na gaske da garuruwa na gaske, don sun san shi ke jawo mutane. Ranar da aka kama su da ƙarya sai su ce ai ƙirƙira ce, ku duba rubutun farko. Wanda ya ari sunan mutumin da ya taɓa rayuwa ya ɗauki bashi, ko ya so ko ya ƙi. Sannan in an duba da kyau, wannan ba fim ɗin ɗan tawaye ba ne. Bhansali ya daɗe da sanin labarin, don shi ya shirya wasan waƙe na Albert Roussel a kan wannan sarauniya a Paris a 2008, ya kuma san abin da Jayasi ya rubuta. Ya cire Devpal, sarkin Rajputawan da ya kashe Ratan, ya sa mutanen Alauddin suka harbe shi da kibau ana tsakiyar fito-na-fito. Bayan duka da gobara ya fito a bidiyo yana ba da tabbacin ya kiyaye martabar Rajputawa, masu fim ɗin suka sayi shafuka a jaridu suna lissafa irin girmamawar da aka yi musu. Fim ɗin da aka yi tarzoma a kansa da sunan ya wulaƙanta Rajputawa ya fito yana yi musu kirari daga farko har ƙarshe, har wani reshen Karni Sena, da mutanensa suka je suka kalla, ya janye adawarsa. Tacewar da ta fi tasiri an gama ta a cikin kan mai fim tun kafin a kai wa hukuma komai.

Duk da izinin hukuma, jihohi huɗu, Rajasthan da Gujarat da Madhya Pradesh da Haryana, suka ce ba za a nuna shi a ƙasarsu ba, wai gudun tarzoma. Ranar 18 ga Janairu 2018 Kotun Ƙoli ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Dipak Misra ta dakatar da haramcin. Hujjarta ba sabuwa ba ce, tun shari'ar Rangarajan ta 1989 aka kafa ta: in fim ya sami izini, aikin gwamnati ne ta tsare masu nunawa da masu kallo, ba ta miƙa wuya ga mai barazana ba. A ganina ita ce magana mafi nauyi a rigimar baki ɗaya. Gwamnatin da ta hana fim don wani ya ce zai ƙona gari ta koya wa kowa cewa hanyar samun biyan buƙata ita ce alkawarin ƙona gari. Jajibirin fitar fim ɗin aka jefi motar 'yan makaranta da duwatsu a Gurugram, yara suna tsugune a ƙasan kujeru suna kuka. Masu jifan, a nasu lissafin, mutuncin mace suke karewa. Ranar 25 ga wata fim ya fito, ya tara sama da rupi biliyan 5 a duniya, amma manyan gidajen sinima a Rajasthan da Gujarat da Madhya Pradesh da Goa suka ƙi haska shi. Kotu ta ba da izini, tsoro ya hana.

In ana son ganin inda doka take da hurumi na gaskiya, a duba fim ɗin Bandit Queen na Shekhar Kapur, 1994, labarin Phoolan Devi, matar da aka yi wa fyaɗe da cin zarafi ta zama shugabar 'yan fashi, daga baya 'yar majalisa. Ƙorafi iri biyu aka yi a kansa. Wasu suka ce akwai tsiraici da zagi, a hana. Kotun Ƙoli a 1996 ta ƙi, ta ce fitowar da aka zagaya da ita tsirara a gaban mutanen ƙauye ba sha'awa take tayarwa ba, tausayinta take sawa da ƙyamar waɗanda suka yi mata. Da an lulluɓe ta, azzaluman aka rufa wa asiri. Ita kuma Phoolan da kanta, tana raye, ta kai ƙara cewa an baje mafi munin ranakun rayuwarta ba da yardarta ba, sai da aka sasanta da ita. Nata ƙorafin shi ne mai tushe: ga mutum, ga cutarwa, ga alƙalin da zai ji kowane ɓangare. Tsakanin wannan da ƙungiyar da ta naɗa kanta waliyyin matar da ta mutu shekara 700 da suka wuce, in ma ta rayu, akwai tafiya mai nisa.

Shi ya sa in aka ce in zaɓa ina bayan mai fim, ko da yake ban amince da shi ba. Kuskurensa a fili yake, ana iya kama shi. Padmaavat ya fito, masana tarihi suka yi masa kaca-kaca a jaridu, mata suka mayar masa da martani, mutanen da ba su taɓa jin sunan Jayasi ko Khusrau ba suka neme su. Kuskuren mai tacewa a ɓoye yake. Abin da ya yanke ba wanda zai gani balle ya ce an yi daidai ko an yi zalunci, fim ɗin da tsoronsa ya hana a fara kuwa ko suna ba shi da shi. Akwai aikin da hukuma za ta yi ba tare da yanka ba: ta faɗa wa iyaye wannan na manya ne, wannan yaro zai iya gani, ta sa a bayyana cewa an ƙara gishiri, ta bar wa kotu maganar ɓata suna da tunzura jama'a. Ingila ta ba fim ɗin izini ba ta cire komai ba, ta dai sa masa alamar shekara 12. Kwamitin da gwamnatin Indiya ta kafa a 2016 ƙarƙashin darakta Shyam Benegal ma shawarar da ya bayar ke nan, hukumar ta tsaya ga rarraba fina-finai bisa shekaru. An ɗauki rabin shawarar, a 2023 aka ƙara matakan shekaru, ikon yanka kuwa yana nan daram.

A Kano hukumar tace fina-finai ta kafu a 2001, kuma yawancin rigingimunta da 'yan Kannywood a kan rawa ne da sutura da taɓa jiki, wato ɓangaren ƙugu. Jarrabawar tarihi ba ta zo sosai ba tukuna, don masana'antar ba ta cika shiga can ba. Za ta zo ranar da wani ya sami kuɗi da ƙarfin halin yin fim a kan Yunfa da Shehu, ko Basasar Kano ta 1893, ko Satiru ta 1906. Jikokin Tukurawa da na Yusufawa suna nan a gari ɗaya, kowa da labarin da aka ba shi a gida. Bagobiri ba zai ba da labarin Alƙalawa yadda Basakkwace zai bayar ba. Wa za a kira ya zauna a kwamiti ranar, wa za a bari a waje? Darakta Med Hondo ya ɗanɗana tun tuni: Sarraounia, fim ɗinsa na 1986 a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa a 1899, labarin ƙasar Nijar ne, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi bayan shirin ɗaukarsa a Nijar ya wargaje.

A Indiya dai an ci gaba. A 2019 gwamnati ta ba Ghoomar, rawar da aka ƙara wa tufa da kwamfuta, lambar yabo ta ƙasa ta tsara rawa. A ƙarshen shekarar masu fim ɗin Panipat suka yanke wani sashe bayan 'yan ƙabilar Jat sun yi bore a Rajasthan kan yadda aka nuna sarkinsu Surajmal, alhali fim ɗin yana da izinin hukuma, yana ma sinima. A 2022 kamfanin Yash Raj, ɗaya daga cikin manyan Mumbai, yana shirin sakin fim ɗin Akshay Kumar mai suna Prithviraj, sai Karni Sena ta ce kiran sarkin da sunansa gatsau rashin ladabi ne. Ba a kai ga tarzoma ba. Saura kwana kaɗan a fito, kamfanin ya rubuta wa ƙungiyar wasiƙa cewa ya amince, aka ƙara wa sunan sarauta, ya koma Samrat Prithviraj.